Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin birnin Damagaram: abin da na gano a Ndar

Zuwa ga hukumar birnin Damagaram da majalisar Mai Martaba Sultan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya taya shugabanninmu riƙo.

Ni tsohon malamin makaranta ne. A Birni aka yanke cibiyata, kakana kuma magini ne, da hannunsa ya ɗora zankayen gidan da nake ciki har yau. Ban saba yi wa manya magana a bainar jama'a ba, don ba haka aka rene mu ba. Amma abin da ke cina ya shafi kowane gida a tsohon gari, shi ya sa na ga gara in faɗe shi inda kowa zai ji, in na yi kuskure a gyara mini.

Kun fi ni sanin abin da ya faru a farkon watan Satumba na 2024, ranar da ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a zamanin Sarki Tanimu, wajen 1850. Shekara fiye da 170 yana tsaye. A cikinsa mahaifina ya fara riƙe hannuna ya tsayar da ni a sahu. Da na je na ga azara a warwatse cikin laka, na rasa abin cewa, sai na koma gida na zauna a zaure har la'asar. Kwanaki kaɗan bayan haka na tashi zuwa Kaulaha ta ƙasar Senegal don Maulidi, da wannan nauyin a ƙirjina. Da aka watse, wani ɗan'uwa a ɗariƙa, mutumin arewacin Senegal, ya matsa sai na bi shi garinsu na kwana biyu. Na kwana huɗu. Garin shi ne wanda Faransawa suka sa wa suna San Luwi, mutanensa kuwa Ndar suke ce masa.

Da ƙafa na ce mu haye gadar da ke shiga tsohon garin. Gadar ƙarfe ce mai tsawon mita 507, an buɗe ta a 1897, an kuma sabunta ta gaba ɗaya, aka gama a 2011. Ranku ya daɗe, ku yi mini uzuri in na daɗe a kan wannan gada, don mutumin da ya tashi yana jiran mai ga-ruwa tun asuba ba ya iya wuce kogi haka kawai. Lokacin damina ne, kogin Senegal ya cika ya batse, launinsa kamar kunun kanwa, yana tafiya a hankali ba hayaniya, sai ka ce dattijo mai zuwa masallaci. Na jingina da ƙarfen gadar ina kallon ruwan da ke wucewa ƙarƙashina zuwa teku, ina tuna matan unguwarmu da jerin jarkoki a bakin famfo cikin watan Afrilu. Mai masaukina ya yi ta jira, bai ce mini komai ba.

Tsohon garin tsibiri ne a tsakiyar kogi, tsawonsa wajen kilomita 2, faɗinsa bai kai rabin kilomita ba. In ka tsaya a mararraba ka dubi gabas ka ga ruwa, ka juya yamma ka ga ruwa. Titunan a miƙe suke sun gitta juna kamar zaren saƙa. Gidajen benaye ne marasa tsawo, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja-ja, da baranda ta katako ko ta ƙarfe, da dogayen tagogi masu marfin katako, da rufin jar ƙasa gasasshiya. Ƙasan benen a da ɗakin ajiyar haja ne, musamman ƙaro da ake saukowa da shi ta kogi, a wani zamanin kuma har da bayi. Iyalin gida suna sama. Bayan azahar garin yakan yi tsit. Abin da kunnena ya riƙe shi ne ƙarar kofaton doki mai jan keke a kan kwalta, da muryar yara masu karatun allo daga wani zaure, da wata tsohuwa da ke tankaɗe a ƙofar gida tana waƙa ƙasa-ƙasa. A arewacin tsibirin na yi sallah a babban masallacinsu, wanda ke da agogo da ƙararrawa a jikin hasumiya, abin da ban taɓa gani a masallaci ba.

Wannan shirun bai zame mini baƙo ba. Na san shi tun ina yaro, a wajen bariki da tsakar rana. Shiru ne na garin da mulki ya taɓa zama a cikinsa, sannan ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba. Faransawa sun kafa Ndar a 1659. Daga 1895 zuwa 1902 nan ne mazaunin babban gwamnan da ke riƙe da ƙasashen da suka mallaka a yammacin Afirka, kafin a kai kujerar Dakar. A 1957 aka yanke cewa hedikwatar Senegal ita ma ta bi ta. Mu ma haka aka yi mana: daga 1911 Damagaram ce hedikwatar ƙasar nan ta Nijar, a 1926 aka ɗauke aka kai Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, aka ce ba mu da ruwa, mun kuma yi kusa da Kano ta Ingilishi. Da na ba mai masaukina wannan labari sai ya kama hannuna ya ce ashe mu ƴan'uwan juna ne tun kafin ɗariƙa ta haɗa mu.

Rana ta biyu ya kai ni gaban gidan gwamna. A nan ne zuciyata ta tashi. Na lissafa a raina: a watan Yuli na 1899, lokacin da sojojin Faransa suka gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shigo garinmu, babban gwamnansu a wannan tsibirin yake zaune, yana shan iskar wannan kogin. A nan aka kafa rundunar baƙaƙen sojojin da suka yi ta cin ƙasashe da ita, a 1857. A nan aka buɗe makarantar da ake tsare ƴaƴan sarakuna a matsayin garkuwa. Daga nan gwamna Federb ya hau kogi ya yaƙi Shehu Umaru Futi, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na ce wa abokina: me ya sa ba ku rushe wannan gida ba?

Bai yi gardama da ni ba, labari ya ba ni. Ya ce a cikin wannan ginin, ranar 5 ga Satumba 1895, aka gurfanar da Shehu Amadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, gaban majalisar gwamna, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Gabon, inda ya yi shekara bakwai. A nan Shehu ya yi sallah raka'a biyu a gaban masu yi masa shari'a. Yau kowace shekara, in ranar ta zagayo, almajiransa sukan cika dandalin da ke gaban gidan, su yi zikiri, su tuna da raka'o'in nan biyu. Gunkin Federb da ke tsaye a dandalin an ɗauke shi, sunan dandalin ma an sauya shi a 2020 ya koma Baya Ndar. Amma ginin sun bar shi, suna kai ƴaƴansu su nuna musu ƙofar da Shehu ya shiga.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na yi shekaru ina koya wa yara tarihin Damagaram a kan allo. Na gaya musu yadda aka kashe Kyaftin Kazamaju na sojan Faransa a nan a 1898, da yadda Kuran Daga ya rasa ransa bayan Tirmini, da yadda aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye aka kore shi zuwa Kodebuwa, gari ya yi shekaru ba sarki a kan gado sai 1923. Sukan rubuta, su haddace, su ci jarrabawa. Amma yaron da ya ɗora tafin hannunsa a jikin ragowar ganuwar Tanimu, ya ɗaga kai ya ga kaurinta, wani irin sani yake samu wanda alli ba ya bayarwa. Na gwada, na gani a idanunsu. Wuraren da zan iya kai su kuwa kowace damina raguwa suke yi.

Kada in sa ku zaci Ndar aljanna ce. Gidaje da yawa a tsibirin sun tsage, gishiri da danshi sun cinye gindinsu, wasu an tokare barandarsu da sanduna, wasu kuma kango ne bishiya ta tsiro a tsakiya. Ka haye ƙaramar gada zuwa unguwar masunta ta Get Ndar, sai shirun ya ƙare: jama'a maƙil, kwale-kwale masu fenti jere a bakin ruwa, teku kuma tana cin gidajensu. A 2003, don a ceci gari daga ambaliya, aka yanka ƴar hanya mai faɗin mita 4 a jikin rairayin da ya raba kogi da teku. Yau ta buɗe ta kai kilomitoci, ta haɗiye ƙauyuka. Su ma suna da nasu kukan. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun san abin da suke da shi. An bi gidajen tsibirin an ƙirga, an rubuta halin da kowanne yake ciki. Akwai dokar da ta hana mutum ya tashi kawai ya rushe ko ya sauya fuskar tsohon gida. Tun shekarar 2000 UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya. Saurayin da ya zaga da mu a keken doki bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san labarin kusan kowace ƙofa, da wannan sanin yake ciyar da uwarsa.

To, ranku ya daɗe, mu dawo gida.

Tun 2006 sunan Birni da fadar Sultan yake cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta ce tana so a duba don shiga wannan rajista ta UNESCO. Agadas ta shiga a 2013, mun kuma taya su murna. Mu muna nan a bakin ƙofa. Ba rajistar ce ta dame ni ba. Tsorona shi ne ranar da masu dubawa za su zo, su tarar abin da aka rubuta a takarda ya koma ƙasa. Duk abin da aka gina ko za a gina a gurbin masallacin nan, Allah ya saka wa masu yi da alheri, amma bakan gizon rufi da maginan Tanimu suka ɗaure ya tafi ke nan.

Kakana yakan ce ginin ƙasa kamar jariri ne, kai da ƙafa ake tsare masa. Ba ruwan da ke dukan bango ne ke kayar da shi ba, sai wanda ya kwana a kan rufi da wanda ya kwana a gindi. Indararo ya toshe, ruwa ya taru a soro, ya bi ta tsaga ya jiƙa azara, gara ta samu abinci. A ƙasa kuma, lungunan Birni ƙanana ne, an yi ta cike su da shara da ɓaraguzai har hanya ta fi tsakar gida tudu, leda ta toshe magudana, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya rasa mafita sai ya tsaya jikin katanga kwana da kwanaki. Sai kuma siminti. Mutane da kyakkyawar niyya sukan shafe bangon ƙasa da siminti don su huta da yaɓe. Simintin ya riƙe danshi a ciki, tubali ya ruɓe a ɓoye, fuska tana nan lafiya lau, rana ɗaya ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Magabata da makuba da laso suke shafe, bango ya sha iska ya bushe, kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau a duba. Wannan hawan na shekara-shekara shi ne muka bari.

Kuma ba lalaci kaɗai ya jawo ba. Yawancin manyan gidajen Birni da Zango gidajen gado ne. Magada ashirin, talatin, wani yana Yamai, wani yana Kano, wani yana Libiya, wanda ke ciki shi ne mafi ƙarancin hali. Kowa yana jin in ya kashe kuɗinsa ya gyara wa wasu ne. Ana cikin ja-in-ja sai zaure mai zane ya zube, a sayar da fili, a kafa shagunan bulo da kwano. Wannan ba aikin injiniya ba ne. Aikin fada ne da masu unguwa da malamai: a kira magada a zaunar da su, a sasanta wanda zai riƙe gida da abin da kowa zai kawo. Maganar da Mai Martaba zai yi a zama ɗaya ta fi takardar hukuma goma tasiri a irin wannan.

Abin da nake roƙo na farko ba ya cin kuɗi mai yawa. A cikin ranin nan a bi Birni da Zango gida-gida, da maginan gargajiya da ɗaliban Jami'ar André Salifou, a ɗauki hoton kowace fuska mai zane, a rubuta wane ne ya gina, wane ne ke ciki, ina ya tsage. Tsofaffin da suka san amsar suna nan a zaure da carbi a hannu, amma ba za su jira mu har abada ba. In an gama a fitar da waɗanda ba za su iya jure wata damina ba, a fara da su. Kada a raba kuɗi. A kai ƙasa da azara da indararo, a biya magini, masu gida su kawo hannu da abinci. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari duka ke fitowa rana guda a yaɓe babban masallacinsu, da kiɗa da gasa tsakanin unguwanni. Mu da muka san gayya tun kaka da kakanni, me zai hana fada ta sa rana ɗaya a shekara, bayan an yashe magudanu, samarin kowace unguwa su fito? Garin da ke iya tara dawakin hawan Sallah ba zai kasa tara masu cuɗa laka ba.

Sai maginan kansu. Waɗanda suka iya ɗaure bakan gizo da fitar da zane a jikin ɗanyen yaɓe sun manyanta, ƴaƴansu sun koma bulo da kabu-kabu, ban kuma ga laifinsu ba, don aikin da ba a nema ba a gadonsa. In hukuma ta ɗauki alkawarin gyaran gine-gine ko da kaɗan ne kowace shekara, ta sharɗanta kowane babban magini ya riƙe yara masu koyo, sana'ar za ta farfaɗo da kanta. A 2018, da aka yi shirin Zinder Sabuwa don bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba, mun ga yadda gari ke sauyawa cikin watanni in an sa kai. Kaɗan daga irin wannan himmar tsohon gari yake nema.

Yanzu ga maganar da na san wasu ba za su so ba: gine-ginen zamanin Turawa, na bariki da tsofaffin ofisoshi da barikin soja na kan dutse da makabartarsu. Muna cikin lokacin da ƙasa ke sauke sunayen ƴan mulkin mallaka daga tituna, ni ma ina cikin masu murna da haka. Amma ina roƙo kada a bar ginin ya mutu tare da sunan. Wa ya ɗauko dutsen? Wa ya cuɗa ƙasar? Kakana ya ba ni labarin yadda ake zuwa a ƙirga mazaje a unguwa a kora su aikin dole, ba lada sai bulala, har aka soke shi a 1946. Ya nuna mini tabo a kafaɗarsa. Gumin iyayenmu ne a jikin waɗannan bangaye, kuma su ne shaidar da za mu nuna wa jikan da zai ce ƙari muke yi. A kafa allo a gaban kowanne, a rubuta abin da ya faru a ciki da bakinmu, da Hausa, boko da ajami, tunda yanzu doka ta amince Hausa ce harshen ƙasa. A yi haka a ƙofofin Birni, da gidan da aka ce matafiyin nan Bajamushe, Bart, ya sauka a ƙarshen 1852, da gidajen fataken Zango da suka yi ciniki har Tarabulus, da filin Tirmini.

Na san abin da za a ce mini. Mutanen da ke neman ruwan sha, ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, wa ke ta tsohon bango? Ni ma jarka nake saye, ban manta ba. Sai dai bangayen nan ba kufai ba ne, mutane ne ke kwana a bayansu. Duk daminar da ta kayar da soro, iyali ne ke komawa ajin makaranta da tabarmi da tukwane, wani lokacin ma a tono gawa. Magudanar da za ta ceci zaure mai zane ita ce za ta ceci ɗakin bazawara da marayunta. Kuma ba don Turawa masu yawon buɗe ido nake magana ba, sun daɗe da daina zuwa. Baƙinmu na nan kusa: mutanen Kano da Daura da Katsina da Maraɗi da ke zuwa biki da ziyara da kasuwa, da ƴaƴanmu da aka haifa a Yamai waɗanda ake kawowa hutu su ga gidan kakanni.

Ranar da zan bar Ndar na sake tsayawa a kan gadar da sassafe. Masunta na fita, hazo a kan ruwa, wani dattijo a kan tsani yana shafa wa marfin tagarsa shuɗin fenti tun rana ba ta yi zafi ba. Da na dawo, kafin in kwance kaya, na sa aka kawo mini tsani na hau soron gidanmu. Indararo biyu na tarar a toshe, ga wata tsaga da hannuna ya shige har wuyan hannu, a daidai saman ɗakin da jikokina ke kwana. Mun gyara. Amma soron maƙwabcina na hagu, da na gaba da shi, da na bayan masallacin unguwa, daga inda na tsaya ina hango su, duk halinsu ɗaya.

Ina da littattafan rubutu guda uku da na cika da abin da na ji daga bakin kakana da abokan sana'arsa: sunayen kayan gini, yadda ake haɗa laso, da gidajen da suka yi aiki a cikinsu. In an kafa masu zagayen ƙirga, zan kawo su in miƙa, in kuma shiga gaba in nuna lunguna muddin ƙafata na ɗaukata. Roƙona a fara kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, Allah ya yi muku jagora.

Wassalam,
Naku mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram